Kurakuran Sababbin Injiniyoyi Wajen Duba Tsohon Gini

Na gaji da irin rahoton da sababbin injiniyoyi ke kawowa. Lissafi shafi-shafi, an buga hatimi, an ce gini zai ɗauki ƙarin bene, alhali ko guduma ba su ɗaga ba.

Babban kuskuren shi ne gaskata zane. Zane niyya ce kawai, abin da magini ya zuba daban ne, kwamfuta kuma abin da ka ba ta shi za ta lissafa. An taɓa kira na wani gida da ake son ɗora wa hawa na uku. Takarda ta ce rodin fila mai milimita 16 ne. Muka sassaƙe kankaren, sai ga mai 12, shi ma tsatsa ta fara cin sa. Ƙarfen da ke cikin rodi mai 12 bai kai kashi 60 cikin ɗari na mai 16 ba! Na ce ba za a ƙara ba, mai gida ya fusata, ya hana ni kuɗin aikina. Don Allah, wa ya koya muku auna ginin da ya shekara talatin daga kan kujerar ofis? Ni dai ba na buɗe kwamfuta sai na sassaƙe fila, na haƙa gefen harsashi na ga zurfinsa, na yanko kankare an kai ɗakin gwaji. Gudumar Schmidt, na'urar gwada taurin kankare, ita kaɗai ba ta isa ba, fatar kankare take aunawa.

Na biyu, rashin tambayar abin da ake yi a ginin yanzu. Rana Plaza a Bangladesh don shaguna da ofisoshi aka tsara shi, aka mai da shi masana'antun ɗinka tufafi, aka ƙara benaye, aka jibge manyan janaretoci a sama. Bango ya tsage ranar 23 ga Afrilun 2013, washegari aka mayar da ma'aikata ciki, ya rufta, mutum fiye da 1,100 suka mutu. Idan ka ga sabuwar tsagewa a fila ko bim (kankaren da ke kwance a kan filoli yana ɗauke da nauyin bene), a fitar da mutane tukuna, lissafi ya biyo baya.

Tankin ruwa mai lita 1,000 tan guda ne, ku sa shi a lissafi. Ku tambayi bangon da aka rushe don faɗaɗa shago. Wurin da ba ku iya buɗewa ba kuma, ku rubuta ƙarara a rahoto cewa ba ku gani ba.