Yadda Ake Saƙa Tabarmar Kaba Da Za Ta Karɓu A Kasuwa

Ingancin tabarma tun daga yankan kaba yake farawa. Ki zaɓi sabon tofon goruba wanda bai buɗe ba, domin wanda ya tsufa karyewa yake yi a hannu. Kada ki yanke tofo fiye da ɗaya a gindi guda, in ba haka ba baɗi sai kin yi tafiya mai nisa kafin ki samu.

Ki shanya kabar kwana 3 zuwa 5 har ta bushe. Sai ki cire tsinken da ke tsakiyar ganyen, ki tsaga shi da basilla, kowane sili faɗin milimita 4 zuwa 5. Nan ne mata da yawa ke gaggawa, kuma nan ne aiki ke ɓaci: sili ɗaya mai faɗi a cikin sirara ya isa ya karkatar da saƙar gaba ɗaya. Ki ware su gida-gida tun kafin ki zauna.

In za ki yi rini, karan dafi da ɗan kanwa yana ba da ja mai kyau. Ki tafasa kabar a ciki kamar rabin awa, ki ɗauraye har ruwan ya fito fari, ki shanya a inuwa. Wadda ba a ɗauraye sosai ba tana zuba a tufafin mai zama, kuma wannan mai sayen ba zai dawo ba.

Kafin saƙa ki jiƙa silin minti 10, ki naɗe su a ɗanyen tsumma. Ki jiƙa na aikin yini kawai, domin jiƙaƙƙiyar kaba in ta kwana fumfuna take yi. Ki saƙa doguwar saƙa mai faɗin santimita 10. Tabarma mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2 tana cin mita 20, ki ƙara mita 1 don kalmasa baki. Idan sili zai ƙare, ki ɗora sabo a kansa tun da sauran kamar yatsu uku, kada ki ƙulla.

Wajen haɗawa, ki shimfiɗa doguwar saƙar a ƙasa mai daɓe, ki ɗinke gefe da gefe da basilla. In kika ja zaren da ƙarfi, tabarmar za ta tanƙware ta ƙi kwanciya.

Idan ƙungiya kuke, ku yanka sanda ɗaya ta awo kowa ta riƙa aunawa da ita. Mai sarin tabarma 20 yana son su zo daidai wa daida.