Yadda ake haɗa ragar murhu mai girgiza, wadda ke zubar da toka ba tare da an kashe wuta ba

Duk wanda ya taɓa girki da kurfoti ya san wannan abin, wuta tana ci lafiya lau, can bayan awa ɗaya sai kaga ta fara yin sanyi, kayi ta fifita kamar hannunka zai cire amma garwashin sai ƙara dusashewa yake. Mutane sai suce gawayin ne ba kyau. Sau da yawa ba laifin gawayi bane, toka ce ta toshe ramukan ƙasa iska ta kasa shigowa. Shi yasa mata ke ɗaga kurfotin su ɗan jijjiga shi ko su buga gefensa da ludayi, toka ta zube wuta ta farfaɗo. To ragar da zan yi bayani a kanta wannan aikin take yi, sai dai ita da mariƙi ake yi daga waje, tukunya na kai, ba ka taɓa komai ba.

Asalin abin daga ƙasashen sanyi ne masu ɗumama ɗaki da kwal, wato gawayin ƙasa. A jihar Pennsylvania ta Amurka akwai wani kwal mai tauri da sheƙi da ake kira antarasayit, mutane sun daɗe suna ganin baya ci a murhun gida, sai a 1808 wani alƙali mai suna Jesse Fell a garin Wilkes-Barre ya ɗora shi kan ragar ƙarfe yadda iska ke bi ta ƙasa, ya kama ya ci. Itace ba ruwansa, ko a kan tulin toka ka jera shi zai ci tunda ta gefe da sama yake shan iska. Kwal kuwa ta ƙasa yake numfashi, kuma tokarsa tana da yawa, ta itace bata cika wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na nauyinsa ba, ta kwal kuwa kashi 10 ko fiye ba abin mamaki bane. Kaga kenan dole a samu hanyar zubar da ita wuta na ci. Mu ma abin ya shafe mu, akwai kwal a Inugu tun da aka gano shi a Udi a 1909, a Nijar kuma ana haƙo shi a Anu Araren kusa da Cirozerin a jihar Agadas, har ana gasa shi a sayar don girki saboda a rage saran itatuwa. Ga kuma curarren gawayi da ake yi da garin gawayi da sitaci ko yumɓu, shi ma wallahi toka gareshi kamar me.

Iri uku na sani. Akwai faifai, wato raga zagayayya da ke zaune kan ƙusa ɗaya a tsakiya, kana juya ta dama da hagu, ita ce mafi sauƙi kuma ta dace da murhu zagayayye, matsalarta tsakiya baya motsi sosai, gefe ne ke shan girgiza, sai toka ta taru a cibiya. Akwai mai zamiya, raga biyu ɗaya kan ɗaya, ta sama na gaba da baya, wannan ni bana sonta don da ƙaramin dutse ya shiga tsakani shikenan ta cije. Sai ta uku mai sanduna masu yatsu da ke lilo tare, ita ce a murhunan kwal na ƙwarai, kuma ita zan tsaya a kai.

Mu ɗauka cikin murhunka murabba'i ne, santimita 30 kowane gefe, inci 12 kenan a bakin masu walda. Sanduna uku zaka yi. Kowace sanda rodi ne mai kauri milimita 20, shi ne ƙashin bayan, sai ka yanka gajerun rodi na milimita 12 ka walda su a gicciye a kansa kamar haƙarƙari, tsawon kowane yatsa daga baki zuwa baki wajen santimita 8.8. Tsakiyar sandar farko tana santimita 5 daga bango, ta biyu 15, ta uku 25. In ka lissafa zaka ga tsakanin yatsun wannan sanda da na maƙwabciyarta an bar santimita 1.2, tsakanin yatsu da bango kuma wajen rabin haka. Tazarar yatsa da yatsa a kan sanda ɗaya ita ma ka barta milimita 12.

Amma kar ka riƙe 12 ɗin nan kamar karatun allo. Girman abin da zaka ƙona shi ke yanke tazara. Kwal mai girman goro ko ƙwan zabo 12 ta yi masa, in ƙanana ne kamar gurjiya ka sauko 8, in ba haka ba rabin buhunka a tiren toka zaka tsince shi. In kuma ka matse da yawa don tsoron asara, iska ta ragu toka ta ƙi sauka. Ni abin da nake dubawa, in na leƙa ragar daga sama, tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabi ya zama fili ne, sauran ƙarfe. Ka je da samfurin kwal ɗin ko gawayin wajen mai walda a leda, ya gani da idonsa, yafi dogon bayani.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa, kuma nima na faɗi. Mai walda mai son aikinsa so yake komai ya zauna cif, ba motsi ba ƙara, to a nan wannan kirkin shi ne ɓarna. Ƙarfe in ya ji wuta miƙewa yake. Rodi mai santimita 30 in zafinsa ya ƙaru da digiri 600 zai ƙara tsawon milimita 2 da ɗan wani abu, kaga kamar ba komai, amma in ba inda zai miƙe sai ya lanƙwashe ko ya cije a mazauninsa. Na farko da aka haɗa min haka akayi, ogan ya huda rami daidai kaurin rodin ya zura, a sanyi tana lilo kamar ƙofar sabuwar mota, muna ta yaba masa, ranar da aka hura wuta minti ashirin ba'a yi ba mariƙin ya ƙi gaba ya ƙi baya, na sa ƙarfi sai gashi a hannuna. Don haka kan sandar kada ya shiga rami, a yanka masa gurbi buɗaɗɗe ta sama kamar bakin gwafa a jikin ƙarfen kwana da aka walda a bangon gaba da na baya, sandar ta kwanta a ciki kawai. Faɗin gurbin ya fi rodin da milimita 3, a tsawo kuma a bar mata kamar milimita 5 na wasa. In ka taɓa ta a sanyi kaji tana ƙwal-ƙwal to daidai kenan, kada ka bari ya "gyara" maka. Wani amfanin gurbin, ranar da sanda ɗaya ta ƙone ɗaga ta kawai zakayi ka saka wata, ba sai an farke murhun ba.

Sai haɗa su suyi motsi tare. A ƙarƙashin kowace sanda, can kusa da bangon gaba, a walda ɗan hannu mai leƙawa ƙasa, tsawon santimita 6 ko 7, da huda a ƙarshensa. Sai a kawo ƙarfe mai faɗi guda ɗaya a haɗa hannayen uku da shi da ƙusa mai noti, nan ma sako-sako, a sa noti biyu a ɗaure su da juna ko a ɗiga walda a kan notin don kar ya kwance, amma ba'a matse hannun ba. Sandar tsakiya ita za'a bari ta fi sauran tsawo ta leƙo waje ta bangon gaba, a daddale bakinta ya zama mai kusurwa huɗu yadda mariƙi zai shiga ya fita. Mariƙin a yi shi na cirewa, in ka barshi a jiki zafi zai ɗauka, kuma yara basa ganin abin juyawa su ƙyale.

Kar a manta da birki. Ba so ake sandunan su kife ba, lilo kaɗan ake so, bakin yatsa ya ɗaga kamar santimita 1 ya sauka kamar haka, karkatar wajen digiri 15 kowane ɓangare. A walda ƴan guntayen ƙarfe biyu da zasu tare ƙarfen haɗin in ya kai iyaka. In babu su, wata rana da hanzari zaka ja da ƙarfi yatsu su miƙe tsaye, wutar gaba ɗaya ta rufta ƙasa, ko wani dunƙule ya faɗa tsakani ragar ta ƙi komawa.

Maganar ƙarfe. Turawa da ƙarfen zubi suke yin tasu saboda ya fi jure wuta baya saurin lanƙwasa, sai dai shi kuma fashewa yake in an buga shi ko an watsa masa ruwa da zafinsa, waldarsa kuma sai gwani. In ka yi sa'a a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka samu tsohuwar ragar zubi da ta yi daidai, ɗauka kawai. In babu, rodi mai kauri zai yi, ka dai sa a ranka abin canzawa ne bayan wani lokaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙarfe mai ruwan tutiya irin fayif ɗin ruwa ko kwanon rufi, hayaƙin da yake fitarwa in ya ji wuta yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, shi kansa mai waldar sai ya ji a jikinsa. Alminiyon kuwa ba'a ma maganarsa, a digiri 660 yake narkewa.

Ƙasan ragar yana da muhimmanci kamar ita kanta. Ka bar aƙalla santimita 12 tsakaninta da gindin murhu, da tire mai jawowa, da ƙofa mai rufuwa sosai wadda aka yi mata ƴar taga mai zamiya, da ita zaka riƙa ƙara wuta ko rage ta. Abin da mutane basu lura da shi ba, iskar nan da ke shigowa ta ƙasa ita ke sanyaya ragar. Garwashi na samanta amma bata narke ba saboda iska na shafarta kullum. Ranar da ka bar toka ta cika tire har ta taɓo yatsu, ka rufe ta sama da ƙasa kenan, a kwana kaɗan zaka ga sandunan sun yi doro. Yawancin ragar da ta lalace ganda ce ta kashe ta, ba wuta ba.

Sama kuma bangon ya zama a miƙe, a shafe shi da yumɓu mai kauri ko a jera bulon wuta, kada a bar wani tudu ko lungu inda toka zata zauna ragar bata kai gareta ba. Kwal yana son zurfi, santimita 15 zuwa 20 na garwashi, shimfiɗa ƴar siririya mutuwa take. Gawayin itace bai buƙatar haka.

Kafin a hura wuta a gwada a sanyi. Cika murhun da kwal ɗin, zuba toka ko yashi mai laushi kofi biyu a kai, girgiza ka gani. Yashi ya sauka kwal ya tsaya, to an dace. In kwal na bin yashi tazara ta yi yawa, a ƙara yatsu.

Girgizar kanta akwai yadda ake yi. Gajere-gajere da sauri, kaf-kaf-kaf, ba dogon ja ba. Kana yi kana kallon tire, da ka ga haske ja ya fara haskowa ƙasa ko ƴan jajayen garwashi sun fara faɗowa sai ka tsaya, tokar da ta rage siririya a kan yatsu kariya ce garesu. Kuma ba'a girgiza wutar da ke shirin mutuwa, ka fara buɗe tagar iska, ka ɗan ƙara kwal kaɗan ya kama, in ta yi ƙarfi sannan. Murhun ɗumama ɗaki safe da yamma ya isa, na girki kuwa sai ka ga wuta ta fara lumshewa. Wani lokaci zaka ji abu ya tokare, yawanci tokar kwal ce da ta narke don tsananin zafi ta dunƙule ta zama kamar ƙonannen dutse, kar ka yi kokawa da mariƙi, ka koma baya a hankali ka sake gwadawa, in ta ƙi ka zura ɗan rodi mai lanƙwasa ta ƙasa ka ture shi, ko ka jira wuta ta mutu ka cire da hannu. In yana yawan yi maka haka iskar ce kake buɗewa fiye da kima.

Ɗanyen kwal ba'a ƙona shi sai da bututun hayaƙi da ya fita waje, kuma ba'a gasa nama ko masara kai tsaye a kansa saboda warin farar wuta da kwalta da ke cikin hayaƙin. Ko gawayin itace ne ma, lokacin hunturu kar a shigar da murhu ɗaki a rufe ƙofa da taga, iskar gubar da yake fitarwa bata da wari bata da launi, ciwon kai da jiri ko barci kawai mutum zai ji. Tokar da ka kwashe a zuba ta a bokitin ƙarfe a waje nesa da zana da danni, garwashi na iya kwana a cikinta da ransa. Ta kwal kuma kada a kai gona ko a yi tokar miya da ita, ba irin ta kara bace.