Yadda za ka buɗe Goku da Broly a Super Butouden 2

Kamfanin Bandai ne ya fitar da wasan bidiyo na faɗa Dragon Ball Z: Super Butouden 2 a Japan a watan Disamban 1993, a kan na'urar Super Famicom. Mayaƙa takwas ake gani da farko, irin su Gohan, Piccolo, Vegeta, Trunks, Cell da Bojack. Goku kansa a ɓoye yake, shi da Broly. Ga hanyar fito da su a bugun Japan.

1. Saka kaset ɗin ka kunna na'urar. Kada ka taɓa Start tukuna.

2. Jira hoton buɗewa ya fara, inda Gohan ke tashi a sararin sama. A nan ake aikin.

3. Da madannin ɗan wasa na ɗaya, danna waɗannan bi da bi: sama, X, ƙasa, B, L, Y, R, A. Kowanne ka danna ka saki kafin na gaba. L da R suna kafaɗar madannin.

4. Kasa kunne. In ya shiga, za ka ji muryar Broly ta kira "Kakarotto", wato sunan Goku na asali. In shiru, danna Reset ka sake.

5. Shiga wasan mutum biyu, za ka tarar mayaƙan sun zama goma.

Ni dai shawarata ka fara da Goku kafin Broly, ka koyi tara ƙarfi da tashi sama a lokacin da allon ya rabu biyu, wato idan mayaƙan suka yi nisa da juna. Kaset ɗin ba ya ajiye buɗewar Goku da Broly, don haka duk sanda ka kashe na'urar sai ka maimaita matakan nan.