Gajeren aikin bishara a ƙasar waje: yadda za ka shirya shi don kada amfaninsa ya ƙare a filin jirgi

Masu shirin tafiya aikin bishara na sati ɗaya ko biyu a wata ƙasa, in sun zo neman shawara wurina, kusan dukansu da maganar biza da tikiti suke farawa. Wannan mai sauƙi ce. Tambayar da nake mayar musu ita ce: bayan wata shida da dawowarka, me kake so ya rage a cikinka? Yawanci sai a yi shiru. Na daɗe ina raka matasa da manya irin wannan tafiya, kuma abin da na gani shi ne tana girgiza kowa, amma kaɗan ne girgizar ke zama musu sabon hali. Waɗannan kaɗan ɗin kuwa ba sa'a suka yi ba. An yi musu shiri kafin tafiya, an kuma riƙe su bayan sun dawo.

Irin wannan tafiya ba ta daɗe sosai a duniya ba. 'Yan mishan na da, in sun shiga jirgin ruwa, shekaru suke yi ba su ga gida ba. A 1957 George Verwer da abokansa biyu, suna ɗalibai, suka je Meksiko lokacin hutu da littattafan bishara, daga nan ƙungiyar Operation Mobilisation ta samo asali. A 1960 Loren Cunningham ya kafa Youth With A Mission. Jirgin sama ya yi sauƙi, abin ya bunƙasa, har masanin zamantakewa Robert Wuthnow na jami'ar Princeton ya ƙiyasta a shekarun 2000 cewa manya masu zuwa coci kimanin miliyan 1.6 ne ke fita daga Amurka kaɗai a kowace shekara don irin wannan aiki.

Kafin ka sa sunanka a jerin masu tafiya, ka san binciken Kurt Ver Beek. Malamin jami'a ne da ya daɗe yana zaune a Honduras. Bayan guguwar Mitch ta 1998 ta rushe gidaje, ƙungiyoyin coci daga Amurka da Kanada suka yi ta zuwa gini. Ya bi sawunsu. Ya gano cewa ƙungiya ɗaya tana kashe kimanin dala 30,000 a kan tafiyar da za ta gina gidan da mutanen ƙasar ke ginawa da kusan dala 2,000. Da ya tambayi waɗanda suka je, da yawa suka ce tafiyar ta canza su, har baikon kuɗin da suke bayarwa ya ƙaru. Da aka duba takardun kuɗi, ƙarin bai taka kara ya karya ba. Kaɗan ne kuma suka ci gaba da zumunci da iyalan da suka gina wa gida. Shi da kansa ya kwatanta abin da ɗanyen itace: in ka lanƙwasa shi na sati biyu ka saki, sai ya koma yadda yake, sai fa in ka ɗaure shi ya daɗe a haka. Ban kawo wannan don in hana ka tafiya ba. Duk shawarar da ke biye, maganar ɗaurin ce.

Fara da wanda ya gayyace ku. In babu ikkilisiya ko ƙungiya a can da ta ce ku zo, ku zauna a gida tukuna. In kuwa akwai, ku rubuta musu ku tambaya: wane lokaci ya dace, mutum nawa za su iya ɗauka, wane aiki suke so, me ba sa so. Ku faɗa musu a fili cewa in sun ce a'a, ba zai taɓa zumuncinku ko taimakon da kuke aika musu ba. Wannan jimlar tana da muhimmanci, domin fasto da ke karɓar tallafi daga hannunku da wuya ya iya buɗe baki ya ce zuwanku wahala ne. Zai ce maraba, sa'an nan ya ajiye aikinsa na sati biyu ya zama direbanku da tafintanku.

Na taɓa ganin wani magini a wurin da muka je. Samarinmu sun wuni suna jera bulo, sun yi gumi, sun ɗauki hotuna. Da yamma ta yi, kowa ya tafi wanka, na koma ɗauko jakata sai na tarar da shi shi kaɗai da ma'auninsa, yana cire layuka uku na sama ɗaya bayan ɗaya kafin siminti ya kama, yana sake jerawa. Ya gan ni, ya yi murmushi, ya sa yatsa a baki. Bai so yaran su ji kunya. Tun daga lokacin, in aikin gini ne, ƙa'idata ɗaya ce: a biya maginin wurin cikakken ladansa, shi ne mai gida, namu su kwaɓa siminti su miƙa bulo. Haka ma aikin lafiya. Abin da doka ba ta ba ka izinin yi wa mara lafiya a ƙasarka ba, kada ka yi shi a ƙasar wani don ka ga talakawa ne. Ɗalibin da bai gama karatu ba ba ya cire haƙori.

Sai maganar kuɗi. Ku rubuta jimlar abin da tafiyar za ta ci, ku karanta ta da ƙarfi a gaban kowa, sa'an nan ku tambayi kanku me wannan kuɗin zai yi in an aika shi kawai. Wani lokaci amsar za ta sa ku rage yawan masu tafiya, wani lokaci ta sa ku fasa. In kun tafi, ku ware kason masu masaukinku tun farko: abinci, man mota, ladan tafinta, da wani abu na aikinsu da zai ci gaba bayan kun tafi. A wasiƙar neman tallafi kuma ka faɗi gaskiya. Kada ka rubuta cewa za ka kai haske inda babu. A mafi yawan wuraren da ake zuwa, ikkilisiya ta riga ka da shekaru masu yawa, wata ma ta fi taku cika ranar Lahadi. Ka ce za ka je ka koya, ka taimaka a inda aka sa ka.

Ku fara haɗuwa wata uku ko huɗu kafin tafiya, wanda kuma ba ya zuwa taron shiri kada ya hau jirgi, ko ɗan wane ne. Ku koyi gaisuwa da godiya da neman gafara a harshen mutanen. Ku karanta tarihin ƙasar, musamman abin da baƙi suka taɓa yi musu. Ku zauna a kan Luka sura 10, inda Yesu ya aiki almajirai biyu biyu. Ya hana su ɗaukar jaka, ya ce su zauna a gida ɗaya kada su yi ta sauya masauki, su ci abin da aka kawo musu. Wato ya aike su a matsayin masu bukata, waɗanda sai an ciyar da su. Mu kuwa mun saba isa da akwatuna cike da kyauta, shi ya sa muke dawowa ba mu karɓi komai daga hannun kowa ba.

Takardu da lafiya ba sa bukatar dogon bayani. Ƙasashe da yawa suna so fasfo ya rage da aƙalla wata shida. Ka nemi irin bizar da ta dace da abin da za ka yi, kada ka yi wa jami'in shige da fice ƙarya da sunan aikin Allah. In ana bukatar katin rigakafin cutar shawara (yellow fever), sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai a dokar Hukumar Lafiya ta Duniya. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ana fara shi kafin tafiya, ana ci gaba bayan an dawo, wani har sati huɗu, don haka ka ga likita da wuri. Ka yi inshorar lafiya.

Tsaro kuwa, ka saurari masu masaukinka da gargaɗin gwamnatinka. A Yulin 2007 'yan Taliban suka kama mutum 23 daga wata coci ta Koriya ta Kudu a Afganistan, suka kashe biyu kafin a saki sauran. Ka tuna kuma kai kana da tikitin komawa. In ka yi wa'azi a kan titi a inda masu bi na wurin suka ce kada a yi, su ne za su zauna da abin da ya biyo baya.

Gidan marayu shi ne inda zan tsaya da ƙarfi. Yawancin yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. Inda baƙi ke tururuwa da kuɗi, ana samun masu buɗe gidan don baƙin, har Ostireliya ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'in bautar zamani a 2018. Bayan girgizar ƙasar Haiti a Janairun 2010, an kama Amurkawa goma 'yan coci suna ƙoƙarin ƙetare iyaka da yara 33 ba tare da cikakkun takardu ba, daga baya aka gano yawancin yaran suna da iyaye. Ko da gidan na gaskiya ne, ka yi tunanin yaron da kowane wata wata baƙuwa ke rungumarsa, ta ce tana ƙaunarsa, ta yi kuka, ta tafi. Ke da kika tafi, wannan rungumar ce za ki fi tunawa a tafiyar. Shi kuma ta koya masa cewa duk mai ƙaunarsa tafiya yake yi. In kuna son taimakon yara, ku tallafi masu aikin mayar da su cikin iyali.

In kun isa, ka rage magana. Ka zauna a kicin tare da masu girki, ka tambayi mai wa'azin wurin yadda ya fara, ka bar shi ya yi maka addu'a. Kada ka ɗauki hoton kowa sai ka tambaya, hoton da ba za ka so a ɗauki ɗanka a ciki ba kuma kada ka sa shi a Facebook. Kada ka yi alkawari. "Zan biya maka makaranta" tana fita da sauƙi a daren ƙarshe, amma wanda aka faɗa wa yana lissafi da ita shekara da shekaru. Kyauta ta bi ta hannun shugabannin wurin. Kowane dare ku zauna rabin sa'a, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani da abu ɗaya da bai gane ba, ya rubuta a littafinsa. In wani ya ce "talakawa ne amma suna farin ciki", shugaba ya tambaye shi wa ya gaya masa haka, kuma da wane harshe. Mutumin da ya yi maka murmushi don kai baƙonsa ne bai ba ka labarin bashin da ke kansa ba.

Yanzu ga inda aikin yake, wato dawowa. Satin farko za ka ji kamar kana shawagi. Bayan haka sai haushi ya zo: abokanka suna gardama a kan waya da takalmi, ka fara ba da labari, minti biyu an canza magana. Wasu sukan tsani cocinsu, su ga kowa sanyi gare shi. Wasu kunya ke kama su a kan gadonsu mai laushi. Duk wannan ba sabon abu ba ne, kuma yana wucewa. Matsalar ita ce yakan wuce tare da niyyar kirkin da ta zo da shi.

Bulus da Barnaba, da suka gama zagayensu na farko, Antakiya suka koma inda aka aike su, suka tara ikkilisiya suka ba da labarin abin da Allah ya yi, suka kuma daɗe tare da masu bi a can. Yana cikin Ayyukan Manzanni sura 14. Ku yi haka. Ku ba da rahoto, a ciki ku ambaci ma'aikatan can da aikinsu fiye da yadda kuka ambaci kanku. Sa'an nan kowa ya zaɓi abu ɗaya tak, ƙarami, wanda ake iya dubawa: wani adadi da zai riƙa bayarwa kowane wata, ko yammaci ɗaya a sati da zai ba baƙin haure ko marasa lafiya ko fursunoni a inda yake zaune, ko ci gaba da koyon harshen. Wata yarinya a ƙungiyarmu ta dawo da jerin alkawura cike da shafi, har da daina sayen sabon kaya. Na ce ta soke duka ta bar ɗaya. Ta ji haushina, amma ta zaɓi koyar da karatu ga yaran wasu 'yan gudun hijira ranar Asabar, kuma shi ne ya tsaya.

Abin da ka zaɓa, ka faɗa wa mutum ɗaya da ba ya jin nauyinka, ka ba shi izini ya riƙa tambayarka. Ƙungiyar ta ci gaba da haɗuwa sau ɗaya a wata har shekara ta zagayo, a sa ranakun a kalanda tun kafin a tashi, domin in aka bari sai an dawo ba za a yi ba. Ku naɗa wanda zai riƙa rubuta wa masu masaukinku, ya tambaye su abin da za a yi musu addu'a a kai, ya kuma aika musu naku. Bayan wata biyu ko uku, ku nemi wani da ba ya cikin tafiyar ya tambaye su yadda suka ga zuwanku, domin shi za su fi gaya wa gaskiya. In ikkilisiyarku za ta sake tura mutane, ta koma wuri ɗaya maimakon neman sabuwar ƙasa kowace shekara, ta kuma sa a kasafinta kuɗin da zai kawo fastonsu ko matasansu biyu su zo wurinku su hau bagadi su yi muku wa'azi.