Yadda ake daidaita juyin farfela da giyabos a jirgin ruwa mai tafiya da iska

Jirgin ruwan da iska ke turawa yakan ɗauki ƙaramin injin dizil a cikinsa, wanda ake tayarwa lokacin fita daga gaɓa, lokacin komowa, ko idan iska ta kwanta. Galibin jiragen da ake gani a Tafkin Jabi na Abuja injinsu a waje yake rataye, shi da giyarsa da farfelarsa duk a haɗe daga kamfani, don haka bakaniken da aka kawo wa mai inji a ciki yakan gamu da abin da bai saba da shi ba. Matsalar ta fi tasowa idan an sauya inji ko an sayo giyabos na hannu daga Legas: a sa giyar gaba, jirgi ya yi baya. Ƙa'idar aikin ita ce giyabos ne ke yanke hukunci, farfela kuwa ita ake nemowa ta dace da shi.

Mataki na farko shi ne gane hannun farfelar da ke jikin jirgin. Ana tsayawa a bayan jirgi ana fuskantar goshinsa, kuma duk wani bayani na juyi daga wannan matsaya ake yin sa. Farfelar da ke tura jirgi gaba idan ta juya yadda hannun agogo ke tafiya ita ce ta hannun dama, wadda ke tura shi gaba da juyin akasin haka kuma ita ce ta hagu. Kamfanoni sukan buga wannan a cibiyar farfelar, misali 16 RH 11, wato faɗinta inci 16, ta hannun dama ce, kuma a lissafi tana ci gaba da inci 11 a kowane zagaye. Idan tsatsa ko goge-goge sun cinye rubutun, sai a juya fiffike ɗaya ya kalli sama, a dube shi daga baya: idan gefensa na dama ne ya fi nisa da mai kallo, farfelar ta dama ce. Kife ta ba ya sauya hannunta, kamar yadda noti ba ya sauya zarensa don an juya masa fuska, saboda haka kada a ɓata lokaci a kan wannan dabarar.

Daga nan sai a koma kan giyabos, inda mafi yawan aikin yake. A nemo farantin ƙarfen da ke liƙe a jikinsa, a rubuta sunan kamfani, lambar samfuri da adadin ragin gudu, wato yawan zagayen da inji ke yi kafin sandar farfela ta zagaya sau ɗaya, sannan a samo littafin wannan samfurin. Yawancin ƙananan injinan dizil na jirgi suna juyawa akasin hannun agogo idan an dube su ta ɓangaren fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke gefen da giyabos ke haɗuwa da inji. A giyabos mai sanda biyu, irin Kanzaki KM2P da ke zuwa da injinan Yanmar 2GM20 da 3GM30, ƙarfin giyar gaba yana bi ta haƙoran giya biyu da ke cizon juna, wanda hakan ke juyar da alkibla, sai sandar farfela ta bi hannun agogo, a buƙaci farfelar dama. Ribas kuwa yana ratsawa ta wata ƙaramar giya ta uku da ke tsakani, wadda aikinta na 'yan mintuna ne a bakin gaɓa. Amma ba kowane jirgi ke bin wannan tsari ba. Irin giyar da ke fita ta ƙasan jirgi kamar ƙafa, misali Yanmar SD20 ko Volvo Penta 130S, bisa al'ada farfelar hagu ake sa mata. A giyabos na Velvet Drive 71C, samfurin da raginsa ya kai 1.91 yana juyar da alkiblar inji, sauran kuma suna bin alkiblarsa. Idan kuma giyabos ɗin mai siffar V ne, inda inji ke zaune da fuskarsa a juye, to lissafin kai yana saurin ruɗar mutum, gara a dogara da ido.

Gani da ido shi ne mataki na uku. A bar jirgin cikin ruwa, domin injin da boris ɗin robar da sandar farfela ke bi dukansu ruwa ne ke sanyaya su, a ɗaure shi da igiyoyi gaba da baya. A ja layi da alli a mahaɗar giyabos da sandar farfela, a tayar da inji a mafi ƙarancin gudunsa, a sa giya, a lura da inda layin ya nufa, ana nesa da hannu da bakin riga daga sandar. Abin da ya kamata a kula da shi sosai a nan shi ne libar da ke jikin giyabos kansa. Libar da matuƙi ke riƙewa tana iya yin ƙarya, domin wataƙila wanda ya mallaki jirgin a da ya juya wayar da ta haɗa su. A giyabos na Hurth, waɗanda yanzu kamfanin ZF ke yi, littafi ya kira matsayin libar A da B: a A sandar tana juyawa akasin inji, a B kuma tana bin sa. A kwatanta matsayin da aka gani da wanda littafin ya ce shi ne gaba.

Idan hannun farfela ya saɓa da na giyabos, abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne ya juya wayar liba, ribas ya zama gaba, a huta da sayen farfela. A ganina wannan araha ce mai tsada. Ragin gudun ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne: KM2P mai ragin 2.62 a gaba yana da 3.06 a ribas, don haka injin da ke zagaye 3600 a minti zai ba farfela kimanin 1374 a gaba, amma 1176 kawai a ribas, jirgi ya rasa gudu alhali inji na ihu. Ga shi kuma ƙaramar giyar tsakiya za ta riƙa ɗaukar nauyi na sa'o'i, ta yi zafi, ta ci kanta. A Velvet Drive an hana wannan gaba ɗaya. Akwai giyabos da aka ƙera su ɗauki cikakken ƙarfi ta kowane ɓangare, kuma a kansu ne kaɗai juya wayar ya halatta, bayan an ga hakan a rubuce a littafin kamfanin.

Saura sayen farfela. A ba mai sayarwa hannun da ake so, ƙarfin inji, iyakar zagayensa, ragin giyar gaba, kaurin sanda da tsukewar bakinta, domin ma'aunin Amurka 1:16 ne, na mita kuma 1:10, kuma ba sa shiga juna daidai. Mai farfelar Max-Prop, wadda fikafikanta ke miƙewa idan an kashe inji, ba sai ya sayi sabuwa ba, tun da ana iya kwance ta a sake ɗaura ta a hannun da ake so. Farfela mai naɗewa kuwa da hannunta ake ƙera ta.

Bayan an ɗaura, a gwada jirgin a buɗaɗɗen ruwa. A cikakken totur injin ya kamata ya kai zagayen da kamfani ya rubuta ko kusa da shi. Idan ya gaza yana fitar da baƙin hayaƙi, farfelar ta yi masa nauyi. A taɓa jikin giyabos a ji zafinsa, a duba mansa. Matuƙi kuma ya san cewa halin jirgin a ribas ya sauya: farfelar dama tana jan bayan jirgi zuwa hagu, ta hagu tana jan sa zuwa dama, don haka ya gwada ja da baya nesa da sauran jirage kafin ya nufi wurin ɗauri.