Yadda ake gane ma'anar kalmar "mile" a jimlar Turanci

Kalmar "mile" ta daɗe da shiga Hausa a matsayin mil, har ta zama sunan wurare irin su Mil Tara a Kano, kuma wannan sabo ne yake sa mai karatu ya ɗauka duk inda ya gan ta tsawon hanya ake nufi, alhali sau da yawa ba haka ba ne.

Abu na farko shi ne a duba ko akwai lamba a gabanta. Idan akwai, to awo ne: mil ɗaya ya kai kimanin mita 1,609, kuma har yau da shi ake rubuta allunan hanya a Amurka da Birtaniya. Domin mayar da shi kilomita, sai a ninka lambar sau 8 a raba da 5, wato mil 50 ya kama kusan kilomita 80. Amma idan labarin jirgin ruwa ko na sama ne aka ce "nautical mile", wannan mita 1,852 ne.

Abu na biyu, idan babu lamba, kuma kalmar ta zo a jam'i, galibi zuzutawa ce kawai. Wanda ya ce "we walked for miles" yana nufin sun sha tafiya, ba wai ya auna hanyar ba. Haka nan "miles better" ba ta da alaƙa da hanya, domin daidai take da mu ce abu ya fi wani nesa ba kusa ba.

Mataki na uku, wato inda kalmar ta zo cikin salon magana, ya fi buƙatar natsuwa, saboda a nan ne fassarar kalma da kalma take ɓata magana. Ana iya cewa mutum yana "miles away" alhali yana zaune tare da jama'a, ma'ana ya yi nisa cikin tunani. "Go the extra mile" yabo ne ga wanda ya yi fiye da abin da aka ɗora masa, kuma asalinta daga Linjilar Matiyu ne, sura 5 aya 41, inda aka ce wanda ya tilasta maka tafiyar mil ɗaya ka bi shi biyu. "Give him an inch and he'll take a mile" kuwa gargaɗi ne game da mutumin da idan ya ga fuska sai ya wuce gona da iri. "Run a mile" gudun abin da ake tsoro ne ko ake ƙi, "stand out a mile" kuma abin da yake a fili ƙarara.

A ganina, bai kamata mai fassara ya bar kalmar mil ta fito a Hausarsa ba a duk waɗannan wurare da ba awo ake nufi ba. Ya karanta jimlar da ta gabata da wadda ta biyo baya, ya tabbatar ko yabo ake yi ko zargi, sannan ya nemo abin da Bahaushe zai faɗa a irin wannan hali.