Yadda Ake Auna Halaccin Yaƙin Duniya na Biyu

Mai shirin muhawara ko rubutu a kan yaƙin Hitila, ya raba takardarsa gida uku kafin ya ɗauki ɓangare: dalilin shiga yaƙin, yadda aka yi shi, da abin da ya bari. Nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. Sai su amsa tambaya ɗaya, su zaci sun amsa duka.

Fara da wanda ya takali faɗan. Jamus ta afka wa Poland ran 1 ga Satumba 1939, Birtaniya da Faransa suka shelanta yaƙi ran 3 ga wata. An nemi sulhu kafin nan? An nema. A Munich, a 1938, aka bar wa Hitila yankin Sudeten na ƙasar Czechoslovakia, kafin wata shida ya haɗiye Prague, babban birninta. Kada ka kafa hujjar 1939 da kisan Yahudawa miliyan 6, domin kisan ƙare-dangin daga 1941 ya kankama. Babbar hujja ce ta wajabcin kayar da 'yan Nazi, amma ka sa ta a gurbinta, in ba haka ba abokin muhawara zai rushe ka da kwanan wata.

Gida na biyu ya fi wuya, don mai gaskiya ma yana iya yin zalunci. Ma'auni biyu ne: an bambance soja da farar hula? Ɓarnar ta yi daidai da abin da ake nema? Ɗora su a kan Tokyo, inda wutar bama-baman Amurka ta cinye kusan mutum 100,000 a dare ɗaya cikin Maris 1945, sannan Hiroshima da Nagasaki, 6 da 9 ga Agusta. Masu kare bam ɗin nukiliya na cewa ya hana mamayar Japan da za ta fi cin rayuka. Rubuta hujjarsu da cikakken ƙarfinta, ka ajiye kusa da ita shelar yaƙin da Tarayyar Sobiyet ta yi wa Japan ran 8 ga Agusta, wadda masu suka ke cewa ita ma ta tura Japan ga miƙa wuya. Yunwar Bengal ta 1943, a Indiya ƙarƙashin mulkin Birtaniya, ita ma nan take shiga.

A gida na uku akwai kotun laifukan yaƙi ta Nuremberg, wadda waɗanda aka ci da yaƙi kaɗai ta tuhuma, da Majalisar Ɗinkin Duniya mai kujerun na-ƙi biyar, da yarjejeniyoyin Geneva na 1949 kan ƙa'idojin yaƙi. Kada ka bar kakanninmu sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da 82 da suka yi wa Birtaniya yaƙin Burma, suka shiga garin Myohaung a Janairun 1945, alhali tun 1941 Churchill, firaministan Birtaniya, ya ce alkawarin 'yancin kai na Yarjejeniyar Atlantika, wadda Birtaniya da Amurka suka ƙulla, bai shafi ƙasashen da Birtaniya ke mulka ba.